ƘOFAR KWAMFUTA MAI SAURI: A SAYA KO A DAKATA?

A wannan wata za mu yi bayani a kan wata sana'a da ta zauna da gindinta a garuruwanmu. Ita ce sana'ar turi. Duk wanda ya shiga kasuwar Gummi, ko ta Anka, ko ta Nasarawar Burkullu a ƙasar Bukkuyum, zai ga samari zaune a rumfa da kwamfuta a gabansu. Mutum ya miƙa wayarsa ko memorinsa, a zuba masa karatu, ko wa'azi, ko waƙa, ko fim. Ya biya, ya kama gabansa. Galibi a irin wannan rumfa ake yin cajin waya.

Sana'ar ba abar rainawa ba ce. A ƙauyen da sabis ba ya kaiwa sosai, memori shi ne rediyo, shi ne talabijin. Mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi babu kira, babu intanet. Amma abin da ke cikin memori yana nan, bai je ko'ina ba.

Babban abin da ke ci wa mai turi tuwo a ƙwarya shi ne jira. Ranar kasuwa mutane sun taru a kansa. Kwamfuta tana jan ƙafa, batir yana sauka, motar ƙauye tana shirin tashi. Wanda ya gaji da tsayuwa sai ya karɓi memorinsa ya koma rumfar gaba. A nan ne wani zai ce masa, ai ƙofar kwamfutarka ce tsohuwa, ka nemi mai shuɗin baki, za ka ga aiki kamar walƙiya.

Shin wannan magana gaskiya ce? Ga wasu gaskiya ce. Ga wasu kuwa zubar da kuɗi ne kawai. Bari mu bi abin daki-daki, domin kowa ya gane ɓangaren da yake.

MECE CE WANNAN ƘOFA?

A gefen kowace kwamfuta akwai 'yan ramuka masu kusurwa huɗu. A nan ake soka filash, ko igiyar waya, ko ridar da ake sa memori a ciki. Sunan wannan rami USB. Ana furta shi yu-es-bi. Wasu suna ce masa baki, wasu rami. Mu a nan za mu kira shi ƙofa, domin ta nan kaya suke shiga kwamfuta, ta nan kuma suke fita.

A da, kowace na'ura da irin ƙofarta. Injin buga takarda da tasa, allon rubutu da tasa. Sai wasu manyan kamfanoni guda bakwai suka haɗa kai, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM na ƙasar Amurka. Suka fito da ƙofa ɗaya wadda za ta karɓi kowace na'ura. An fito da ita a 1996, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato.

Tun daga lokacin ake ta ƙara mata sauri. Ga manyan ire-irenta:

USB 1.1, ta fito a 1998. Tana da jinkiri ƙwarai. Yanzu da wuya ka same ta.

USB 2.0, ta fito a 2000. Ita ce ta cika tsofaffin kwamfutoci.

USB 3.0, ta fito a 2008. Ita ce ake kira mai shuɗin baki.

Bayan waɗannan an yi wasu da suka fi su sauri, a 2013 da 2017 da 2019. Amma a rumfunanmu gardamar tana tsakanin ta biyu ne da ta uku. Don haka a kansu za mu tsaya.

YADDA ZA KA GANE TAKA

Leƙa cikin ƙofar. Za ka ga wani ɗan harshe na roba. Idan baƙi ne, galibi USB 2.0 ce. Idan shuɗi ne, galibi USB 3.0 ce. Wasu kamfanoni ba sa sa shuɗin. A maimakonsa sukan rubuta harufa biyu, SS, a kusa da ƙofar. Wannan ma alamar mai sauri ce.

Akwai wata shaidar kuma. Tsohuwar ƙofa tana da 'yan ƙarafa huɗu a ciki. Sabuwar tana da tara. Ƙarin biyar ɗin nan su ne suke ɗaukar kaya da sauri.

Yawancin laftof da aka ƙera daga 2012 zuwa yau suna da ƙofa mai sauri, ko da guda ɗaya ce. Mutane da dama suna da ita, amma ba su sani ba. Sai ka ga an soka ƙaramar fitila ko cajin waya a ƙofa mai sauri, an bar babban aiki a tsohuwa. Saboda haka duba kwamfutarka tukuna, hagu da dama da baya. Mai yiwuwa abin da kake shirin saye yana hannunka.

MUDU DA BUHUN KWAMFUTA

Kafin mu shiga lissafi, sai mun san ma'auni. Hatsi ana auna shi da mudu da buhu. Kayan kwamfuta kuwa ana auna su da MB da GB. Ka ɗauki MB a matsayin mudu, GB kuma babban buhu. Kusan MB 1,000 ne suke cika GB ɗaya. Waƙa ɗaya takan kai MB 4 ko 5. Fim ɗaya yakan kai ɗaruruwan MB, wani har ya haura GB ɗaya.

Saurin ƙofa shi ne yawan MB da za su wuce ta cikinta a sakan ɗaya. A aikace, USB 2.0 takan wuce da MB 30 zuwa 40 a sakan. USB 3.0 kuwa tana iya kaiwa kusan MB 400. Ka ga ninki goma ke nan.

Wani lokaci za ka ga an rubuta 480 a jikin kwalin kayan USB 2.0. Kada lambar ta ruɗe ka. Da wani ƙaramin ma'auni aka auna ta, wanda takwas ɗinsa ne suke yin MB ɗaya. Idan ka raba 480 gida takwas za ka sami 60. Shi ma 60 ɗin a takarda yake, aiki ba ya kai shi.

To, tunda sabuwar ta ninka tsohuwar sau goma, me zai hana kowa ya saya? A nan gizo yake saƙar.

DARASI DAGA FADAMA

Manoman rani na bakin Gulbin Zamfara sun san wannan magana. A ce ka sayi injin ban ruwa mai inci uku. Amma tiyon da ka haɗa masa siriri ne. Ruwan da zai isa gona ba zai wuce abin da tiyon zai iya ɗauka ba. Ka kashe kuɗin babban inji, ka sami ruwan ƙarami. Haka kuma idan rijiyar ba ta kawo ruwa sosai, girman inji da faɗin tiyo ba za su yi maka komai ba.

Turi ma haka yake. Abu uku ne suke aiki tare.

Na farko, inda kayan suke fitowa. Shi ne rumbun ajiya, wanda masu sana'a suke kira had-dis. Akwai na cikin kwamfuta, akwai wanda ake sokawa daga waje.

Na biyu, hanyar da kayan suke bi. Ita ce ƙofa, da igiya, da rida.

Na uku, inda kayan za su sauka. Shi ne memori, ko filash, ko waya, ko wani had-dis ɗin.

Duk wanda ya fi jinkiri cikin ukun nan, shi ne yake yanke saurin aikin baki ɗaya. Ayari da tafiyar gurgun jaki yake tafiya. Idan ƙofa ce gurguwar, canza ta zai yi amfani. Idan memori ne gurgun, ko ƙofar zinariya ka sa, jiran yana nan.

MEMORI MA YANA DA AJI

Ɗauki memori ka dube shi da kyau a wurin haske. Za ka ga wata lamba a cikin ɗan zagaye mai kama da harafin C. Lambar takan zama 2, ko 4, ko 6, ko 10. Wannan shi ne ajinsa. Mai lamba 4 ya yi alkawarin karɓar aƙalla MB 4 a sakan. Mai lamba 10 kuma aƙalla MB 10. Wasu suna da lamba 1 ko 3 a cikin harafin U. Mai 1 daidai yake da MB 10. Mai 3 kuwa MB 30 ne.

Yanzu ka kwatanta. Tsohuwar ƙofa tana iya wucewa da MB 30 ko fiye. Memori mai arha yana karɓar 4 ko 10. Wa yake jiran wani? Ƙofa ce take jiran memori.

Ga lissafin fim mai GB ɗaya, wato MB 1,000:

Memorin da ke karɓar MB 4 a sakan zai ci minti 4 da sakan 10.

Memorin da ke karɓar MB 10 zai ci minti 1 da sakan 40.

Wannan lokaci ba zai canza ba, ko ta baƙar ƙofa ka tura ko ta shuɗiya. Yawancin memorin da mutanen ƙauye suke kawowa irin waɗannan ne. Shi ya sa wani zai sayi sabon kaya, ya dawo yana cewa an cuce shi. Kayan lafiyarsu ƙalau. Ciwon ne ba a nan yake ba.

INA BATUN WAYA?

Wasu ba sa cire memori. Wayar suke miƙawa a soka mata igiya. A nan ma akwai abin lura. Wayoyi masu tsohon bakin caji, wato ɗan siririn nan da ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, da saurin USB 2.0 suke aiki. Haka aka ƙera su.

A 2014 aka fito da sabon bakin caji mai suna USB-C. Shi ne wanda yake shiga ta kowace fuska. Ya bazu ƙwarai, har ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta shi a kan sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024. Mutane da yawa suna zaton duk wayar da ke da shi tana da sauri. Ba haka ba ne. USB-C siffar baki ce kawai. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a kasuwanninmu, bakinsu sabo ne, amma saurinsu na USB 2.0 ne. Ko iPhone 15 ta 2023, ƙaramar cikinsu, haka take duk da tsadarta.

Don haka wanda yawancin aikinsa turi ne kai tsaye cikin waya, sabuwar ƙofa ba za ta rage masa jira ba.

SU WA ZA SU CI RIBA?

Akwai mutum uku da sabuwar ƙofa za ta yi wa rana.

Na ɗaya, mai kwasar kaya daga had-dis zuwa had-dis. Mai turi yakan je Gusau, ko Sakkwato, ko Kano, ya ciko babban rumbu da sababbin kaya. Ko kuma ya kwafa daga wurin abokin sana'a. Had-dis mai lafiya yana iya bayarwa ko karɓar kimanin MB 100 a sakan. Ka ga ya fi ƙarfin tsohuwar ƙofa. A nan ita ce gurguwar.

Ga lissafi. A ce za a kwashe GB 500. Ta tsohuwar ƙofa, a kan MB 30 a sakan, aikin zai ci awa 4 da kusan minti 40. Ta sabuwar, a kan MB 100, zai ci awa 1 da minti 23. An rage fiye da awa uku. Wanda yake aiki da janareto ya san darajar awa uku, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Mai sola ma ya sani, domin rana ba ta jiran kowa.

Na biyu, mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ko na taro. Memorin kyamara babba ne, kuma galibi mai babban aji. Kwashe shi ta tsohuwar ƙofa ɓata lokaci ne. Ga wannan mutum, rida mai sauri da ƙofa mai sauri kayan aiki ne, kamar garma ga manomi.

Na uku, mai tura wa mutane da yawa a lokaci guda. Akwai wata 'yar na'ura mai baki huɗu ko fiye, ana ce mata hob. Ana soka ta a ƙofa ɗaya, sai ta ba da bakuna da yawa. Amma duk bakunan ƙofa ɗaya suke rabawa. Idan ka jera memori shida masu karɓar MB 10, suna neman MB 60 ke nan a sakan. Tsohuwar ƙofa ba ta da wannan ƙarfi, sai kowa ya rage tafiya. Sabuwar kuwa za ta ɗauke su duka. Sharaɗin shi ne hob ɗin da ridojin duka su zama na USB 3.0. Idan ridojin tsofaffi ne, a tsohuwar hanya za su cunkushe, ko da hob ɗin sabo ne.

SU WA ZA SU YI ASARA?

Mai turi ɗaya bayan ɗaya cikin memori mai arha, ba ya bukata.

Mai shagon buga takardu ba ya bukata. Injin buga takarda, da allon rubutu, da na'urar ɗaukar zanen yatsa, duk kayan da suke aikawa kaɗan ne. Tsohuwar ƙofa ta ishe su har da saura.

Makaranta ko ofishin da ke ajiye wasiƙu da sunayen ɗalibai a filash, su ma ba sa bukata. Wasiƙa ɗaya sau da yawa ba ta kai MB ɗaya ba. Kafin ka ƙifta ido ta wuce.

Mai tura wa waya kaya ta Xender ko Bluetooth shi ma babu ruwansa da ƙofa, domin ta iska kayansa suke bi.

GWAJI KAFIN SAYE

Ba sai ka tambayi mai sayarwa ba. Mai kaya ba ya kushe kayansa. Kai da kanka za ka iya ganowa, da agogon wayarka.

Zaɓi fim ɗaya babba, ka duba nauyinsa. Tura shi cikin memori irin wanda aka fi kawo maka. Ƙirga sakan nawa ya ci. Sai ka raba yawan MB da yawan sakan. Misali, fim mai MB 800 ya ci sakan 100. Saurinsa MB 8 ke nan. Kwamfuta ma takan nuna wannan lamba yayin da take turi.

Idan amsar ta tsaya ƙasa da 20, ƙofarka ba ta da laifi. Nemi laifin a wurin memori ko rida.

Idan kuwa kana kwafa daga had-dis zuwa had-dis, ka ga lambar ta maƙale tsakanin 30 da 40 ba ta haurawa, to ƙofa ce ta riƙe ka. A nan canji zai yi amfani.

Yi gwajin sau uku da memori daban-daban, ka rubuta amsar a takarda. Da wannan takarda za ka shiga kasuwa, ba da jita-jita ba.

HANYOYIN SAMUN SABUWAR ƘOFA

Ba a cire tsohuwar ƙofa a dasa sabuwa a gurbinta. Saurin daga cikin allon kwamfutar yake fitowa. Duk wanda ya ce zai canza maka bakin kawai ta koma mai sauri, ka riƙe kuɗinka.

Idan babbar kwamfuta ce ta kan tebur, abin da sauƙi. Akwai wani kati da ake sokawa a cikinta, a gurbin da ake kira PCIe. Yana zuwa da ƙofa biyu ko huɗu masu sauri. Mai gyara zai sa shi cikin 'yan mintoci. Wannan ita ce hanya mafi arha.

Idan laftof ce, sai a duba gefenta. Wasu tsofaffi suna da wani dogon rami mai suna ExpressCard. Akwai katin da ake zurawa a nan ya ba da ƙofa mai sauri. Saurinsa ba ya kai na wadda aka ƙera kwamfuta da ita, amma ya fi na tsohuwar nesa ba kusa ba. Idan babu wannan rami, babu dabara, sai dai canza laftof ɗin.

Irin waɗannan kaya an fi samunsu a manyan kasuwannin waya da kwamfuta, kamar ta Farm Centre a Kano. Kafin ka tafi, ko ka ba da saƙo, rubuta sunan kwamfutarka da lambarta. Suna nan a jikinta, galibi ta ƙasa.

A lura kuma da manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Windows 7 ba ta gane sabuwar ƙofa da kanta, sai an sa mata wata 'yar manhaja da ake kira direba. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, zuwa sama, suna gane ta da kansu.

HATTARA DA WAƊANNAN

Ɗaya. Hob mai shuɗin baki da aka soka a baƙar ƙofa ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Babban tiyo ne a bakin ƙaramin inji.

Biyu. Igiya ma tana da nata. Had-dis na waje yakan zo da igiya mai faffaɗan kai, kamar kai biyu a manne. Idan ta ɓata, wasu sukan sa igiyar cajin waya. Za ta yi aiki, amma da tsohon sauri.

Uku. Sunaye suna ruɗarwa. Za ka ga an rubuta USB 3.0 a wani kwali, a wani USB 3.1 Gen 1, a wani kuma USB 3.2 Gen 1. Duk abu ɗaya ne, saurinsu ɗaya. Suna kawai aka canza. Kada a ƙara maka kuɗi saboda lamba.

Huɗu. Shuɗin fenti ba shaida ba ne. Akwai filash da rida na jabu da aka sa wa shuɗiyar roba, alhali ƙarfe huɗu ne a ciki. A gwada a gabanka kafin ka biya.

Biyar. Akwai memorin jabu. A jikinsa an rubuta GB 32, kwamfuta ma ta nuna haka, amma cikinsa bai kai ba. Za ka zuba kaya su shiga, mai shi ya je gida ya tarar ba sa buɗewa. Kai za a zarga. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke tona asirin irin wannan memori. Ya kamata mai sayar da memori ya riƙa gwada kayansa da ita.

Shida. Ƙananan kaya masu yawa sun fi babba guda ɗaya cin lokaci. Waƙa 200 za su fi fim ɗaya jinkiri, ko da nauyinsu ɗaya. Loda buhu guda ya fi loda ƙulli ɗari biyu sauri. Wannan ba laifin ƙofa ba ne.

Akwai wani amfani guda na sabuwar ƙofa da ba a cika faɗa ba. Tana ba da wuta kusan ninki biyu na tsohuwar. Had-dis na waje da ke yin ƙara yana ɗaukewa a tsohuwar ƙofa, sau da yawa ƙarancin wuta ne yake damunsa. A sabuwar yakan zauna lafiya.

LISSAFIN KUƊI

Sana'a sai da lissafi. Ga misali, amma kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa.

A ce kati da hob da ridoji za su ci maka naira 40,000. A ce kuma ribarka a kan kowane mutum naira 200 ce. Idan sabon kayan zai sa ka sallami ƙarin mutum biyar a ranar kasuwa, ka sami ƙarin naira 1,000.

Mai cin kasuwa ɗaya a mako zai sami naira 4,000 a wata. Sai ya yi wata goma kafin kuɗinsa su dawo. Mai bin kasuwa uku a mako zai sami 12,000 a wata. Kafin wata huɗu ya mai da kuɗinsa. Wanda kuwa ba ya samun layi, mutum ɗaya ne yake zuwa bayan ɗaya, babu ranar da kuɗinsa za su dawo. Saurin da babu mai jiransa ba ya kawo ko kwabo.

Haka za ka lissafa man janareto. Sau nawa kake kwasar babban rumbu a wata? Awa nawa za ka rage? Lita nawa ke nan? Idan sau ɗaya ne a wata uku, haƙuri ya fi. Idan kowane mako ne, saye ya fi.

IDAN KUƊIN KAƊAN NE

Wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba, ga abin da ya kamata ya fara da shi.

Ya sayi rida mai kyau. Rida mai arha takan jinkirta ko da memori mai kyau ne, kuma takan lalata kaya.

Ya gyara batir ko ya ƙara ƙarfin sola. Kwamfutar da ta mutu ana tsakiyar turi ta fi mai jinkiri ɓarna.

Ya tsara kayansa. Karatu wuri ɗaya, waƙoƙi wuri ɗaya, finafinai wuri ɗaya, kowanne da sunansa. Sau da yawa neman kaya ya fi tura shi cin lokaci.

Ya tsare kwamfutarsa daga cutar da ake kira bairos. Memori ɗari suna shiga cikinta a mako, kowanne da abin da ya ɗauko.

Ya ajiye kwafin kayansa a rumbu na biyu. Had-dis yana mutuwa ba sallama. Ranar da ya mutu, jarin shekaru ya tafi.

Ya kuma tuna cewa fim da waƙa suna da masu su. Akwai dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa sabuwarta hannu a 2023. Mai turi ya nemi kayansa ta hanyar da masu su suka yarda, domin sana'arsa ta ɗore.

A TAƘAICE

Sabuwar ƙofa tana da sauri, babu shakka. Amma ba ita kaɗai take aiki ba. Mai kwasar manyan rumbuna, da mai bidiyon biki, da mai sallamar mutane da yawa a lokaci guda, su saya, za su ga amfani. Mai turi ɗaya-ɗaya cikin waya ko memori mai arha, da mai buga takardu, su riƙe kuɗinsu, su sa a inda ya fi ciwo.

Wanda kuma zai sayi wata kwamfutar a nan gaba, sabuwa ko ta hannu, ya tabbata tana da ƙofa mai sauri, ko da guda biyu. A lokacin saye ba ta ƙara wani kuɗi mai yawa. Daga baya ne nemanta yake zama aiki.

Kafin ka kai kuɗinka kasuwa, leƙa ƙofar, duba lambar memori, ka auna da agogo. Idan ka karanta wannan bayani, ka karanta wa ɗanka ko ƙanenka mai rumfar turi. Allah ya ba da kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.